Faifan Sola a Kan Rumfar Kara

Zauna ka ji wannan, tunda na ga kai ma ba ka yarda a huta ba sai an ga ƙarshen abu. Wani manomin rani ne, mai lambun albasa a bakin fadama, Allah ya yi masa baiwar hannu. Ba ya ganin abu a gari ya dawo gida bai gwada yin irinsa ba. Da ya gaji da jan guga, sai ya rinƙa tsinto gutsattsarin sola wurin masu gyaran lantarki, yana liƙa su da dalma ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da gilashin tsohuwar taga. Haka ya haɗa faifai biyu. Na farkon ya fito a karkace, katakon bayansa duk ɓaraka, har kana hango ƙasa ta ciki. Kunyar a gan shi ta sa ya jefa shi kan wata rumfar kara da ke bisa magudanar ruwa, ya bar wa mutanen gida suna cajin waya. Na biyun kuwa ya yi kyau, sumul kamar daga kanti. Shi ya ɗaura wa ɗan famfon da ke jawo ruwa daga rijiya, ran nan kuma ruwa ya hau tiyo da kansa, ba guga ba igiya. Mutumin nan ya tsaya baki buɗe. Rana tana can sama, ruwa yana can ƙarƙashin ƙasa, ga su sun haɗu a tsakar lambunsa. Wallahi ko ni da na gani sai na yi kabbara.

To, ɗan Adam ka san shi, in ya samu ɗaya sai ya hango goma. Ya ce a ransa, tunda rana ce abincin wannan abu, bari ya ciyar da shi har ya ƙoshi. Bai san haske faifan yake sha ba, zafi kuwa wahalar da shi yake yi. Ya samo fallen kwano ya shafe shi da baƙin fenti, ya kwantar da faifan a kai daram, ya bi gefe da gefe ya toshe da kwalta don kada ko kaɗan na zafin ya tsere. Bai tsaya nan ba, ya kwaso madubai har da na ɗakin matarsa, ya jera suna haska masa rana ta ko'ina. Matar ta zo kawo abinci, ta kai yatsa ta janye da sauri, ta ce, "Maigida, famfo kake tayarwa ko gurasa za ka gasa mana?" Ya yi dariya, ya ce ta bar maza da aikinsu.

Da bazara ta kankama sai abin ya fara ba shi mamaki. Da hantsi ruwa yana zuwa da ƙarfi, amma rana na take tsaka, lokacin da albasa ta fi jin ƙishi, sai famfo ya soma nishi, ruwan ya koma kamar na butar alwala. Shi kuma duk sanda ya ga haka sai ya ce ranar ce ba ta isa ba, ya ƙaro madubi. Albasar nan ita ce abincin gidansa har damina, ga ganyenta ya fara kwanciya, fangalin nesa da rijiya ya fara tsagewa. Ya rame, barci ya gagare shi, kullum yana tsugune gaban faifan yana gyara zaman madubai. Wata azahar famfo ya yi shiru gaba ɗaya. Ya leƙa ta gilashi, ya tarar gutsattsarin da ya ɓata idonsa wajen jerawa sun tsattsage, sun yi launin ƙanzo. Ya zauna a ƙasa, hawaye ya zubo masa.

Don dai kada a ce bai yi komai ba, ya jawo wayar lantarki ya haɗa famfon da karkataccen faifan nan na kan rumfa, ba ya ma sa rai. Sai tiyo ya motsa kamar mai rai, ruwa ya ɓulɓulo, a cikin wannan tsakar ranar da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Ya je ya tura hannu ƙarƙashin rumfar, ya ji iska tana ratsa karan, tana ɗauko sanyin magudana tana shiga ta ɓarakar da yake jin kunyarta, tana fita ta ɗaya gefen. Ashe tun tuni Ubangiji yana yi wa wannan fifita, ba wanda ya sani. Abin da yake fuskantar rana tsirara daga safe har yamma, ashe shi ma yana son a bar masa inda zai sha iska ta baya. Ya daɗe a durƙushe da hannunsa a wurin, ba abin da yake iya faɗa sai "Subhanallahi."

Ruwa ya bi magudana, fangali bayan fangali, albasar kusa da rijiya ta ɗago kai kafin la'asar. Da ya isa can ƙarshen lambu kuwa, ƙasa ta sha har ta ƙoshi, amma ba abin da ya tashi. Rabin albasarsa ta riga ta mutu, a kwanakin da ya fi kowa tashi da wuri, ya fi kowa zufa. Shi ya sa Hausawa suka ce, zafin nema ba ya kawo samu.