Irin Kuɓewar Hajiya

Ina 'yar shekara tara a lokacin, muna zaune a hawa na shida na wani bene a unguwar Sanyuanli, a ƙasar Sin. Da la'asar aka fara yayyafi, ruwan farko bayan sanyi, sai Umma ta leƙa waje ta ce, "Alhamdulillahi, ruwan shuka ya sauka." Ta kwance ƙullin irin kuɓewar da Hajiya, mahaifiyarta, ta aiko mata daga Kano kafin rasuwarta. Shi ke nan abin da ya rage mana. Ta yi bisimilla ta binne shi duka a bokitai biyu a baranda.

Tsohuwa maƙwabciyarmu tana gyaran albasarta a tata barandar. Ta leƙo, ta girgiza kai, ta yi magana.

"Me take cewa?" in ji Umma, don ni kaɗai ke jin Sinanci a gidan.

Na so in ce gaisuwa ce.

"Wai mun yi sauri, Umma. Wannan ba damina ba ce, sanyi zai dawo, irin ruɓewa zai yi."

Umma ta koma wajen bokitan. Ta naɗe hannun riga, muka durƙusa muna lalube cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga irin da ƙasar launinsu ɗaya. Duk ƙwayar da na taɓo sai ta ce, "A hankali, uwata."

Bakwai muka samu kafin magariba. Yau ina da nawa lambun, amma har yanzu ban iya zuba iri duka a ƙasa ba, sai na ɓoye rabi.