Impalar Gulbin Nahuce

Masu ɗibar yashi ne suka ci karo da ita, a ranin 1998, cikin gulbin da ke kusa da Nahuce. Shebur ya daki ƙarfe, suka yi ta tono har bayan wata doguwar mota ya bayyana. Gabanta kuwa ya kafe cikin busasshiyar laka. Ta tagar hagu suka zaro ƙasusuwan mutum ɗaya, mai gari ya sa aka naɗe su a farin ƙyalle.

Lamba ta ruɓe, kuma ba wanda ya taɓa ganin irin motar. Sai aka ce a nemo Malam Labbo.

Duk Sabon Garin Gusau an san Labbo, tsohon makaniken da ko murfin taya ka nuna masa na motar Amurka zai faɗa maka sunanta da shekararta. Yakan je gyara Funtuwa, yakan je Ƙaura, amma aikin hanyar Bungudu, inda Nahuce take, kullum wani gareji yake tura wa. Da saƙon mai gari ya iso, cewa ya yi ƙafa na damunsa.

Washegari da hantsi wata tsohuwa ta sauka daga motar Tsafe, ta zauna a bencin garejinsa. Sunanta Tambaya, labarin motar gulbin ne ya kawo ta. Ta ce a daminar 1967 mijinta Bala, direban wani Alhaji Idris mai sayen gyaɗa, ya kawo saƙo Gusau a motar maigidansa, bai koma ba. Gari ya ɗauka cewa ya tsallaka Nijar ya sayar da ita. Shekara talatin da ɗaya ke nan ana kiranta matar ɓarawo. Sau biyu masu neman 'yarta Halima suna janyewa saboda wannan suna.

"Malam, ban ce ka yi mini ƙarya ba," in ji ta. "Ka dai duba. In ita ce, in mutu da sanin abin da ya sami mijina."

Labbo ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, ko da yake babu maiƙo a jikinsa. Sannan ya ɗauki hularsa.

Da suka sauka a Nahuce shi ya shige gaba, bai tambayi kowa hanyar gulbi ba.

Sun tarar da jama'a, har da Alhaji Tukur, ɗan marigayi Alhaji Idris, riƙe da tsoffin takardun motar a naɗe. Ya ce ba zai buɗe su ba sai makanike ya faɗi nasa, don kada a yi masa rufa-rufa.

Labbo ya gangara cikin ramin. Ya kankare laka daga bayan motar, ramukan fitila suka fito, zagayayyu, uku dama uku hagu. Ya bayyana musu cewa Chevrolet mai fitila bibbiyu Bel Air ce ko Biscayne, mai uku-uku kuwa Impala. Ya shafa kusurwar bayan. Ta sittin da uku tana da tsini a nan, wannan kuwa a daddaɓe take.

"Impala ce, ta sittin da huɗu," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Shuɗiya."

Tsatsa ta cinye fentin kakaf, amma ba wanda ya kula. Idon kowa na kan Alhaji Tukur, wanda ya warware takardun ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya tsuguna gaban Tambaya, babbar rigarsa na jan yashi.

"Inna, mun zalunce ku. Ga shi a kujerarsa ruwa ya ci shi, yana kan aikinmu. Ki yafe wa gidanmu."

Tambaya ba ta yi kuka ba. Ta ɗora tafinta a kan farin ƙyallen, kamar mai taɓa goshin marar lafiya.

Alhaji Tukur ya ce zai kawo tarakta a jawo motar gaba ɗaya. Labbo ya yi saurin hana shi, ya ce ƙarfen ya gama mutuwa, ana ja za ta tarwatse, gara a mayar mata da yashinta. Maganar masani ce, aka bi.

Bayan azahar aka sallaci Bala. Labbo ya tsaya a sahun ƙarshe. Da za a rabu Tambaya ta tare shi, ta yi masa addu'a doguwa, ta roƙi Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira kamar yadda ya wanke mijinta. Bai iya cewa amin ba.

A motar komawa Gusau ya runtse ido, ƙarar ruwa cike da kunnuwansa. Abu ɗaya ne bai faɗa musu ba game da wannan Impala. An shigo da ita ne kafin ƙasar ta canja hannun tuƙi, sitiyarinta a dama yake, can ƙarƙashin lakar da ya hana a tone. Kujerar hagu ta fasinja ce, kuma a kanta Bala ya zauna ran nan, bayan ya biyo gareji a duba masa wata 'yar ƙara, yana ta roƙon matashin makaniken da ya karɓi tuƙi don gwaji: "Labbo, don Allah kada ka shiga, ruwan nan ya fi ƙarfinmu."