Malamin da Ya Raina Lemo

An yi wani malamin lissafi a wani ƙauye, mutum ne mai son guga da turare. In ya shiga aji sai ya karkata hula, ya bugi allo da bulala, ya ja murya ta hanci: "Ɗaya bisa biyu! Ɗaya bisa uku! Ɗaya bisa huɗu!" Yara su amsa kamar kwaɗi a damina. Wata tsohuwar malama ta taɓa ba shi shawara ya zo da lemo da wuƙa, ya yanka a gabansu, kowa ya riƙe rabonsa a hannu. Gogan naka ya taɓe baki, wai shi bai yi shekara uku a kwaleji don ya ƙare a tallan lemo ba. 'Yarsa ta fari, 'yar shekara tara, ita ke zuwa ta ɗaya a ajin. Duk baƙon da ya zo gidan sai an tsayar da ita ta rera masa har ɗaya bisa goma, ba tuntuɓe.

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da matarsa da jaririnsu ɗan wata biyar. Malam ya karɓo wa yaron wani magani mai ƙarfi, ƙwaya huɗu a ƙullin takarda, aka ja masa kunne: a fasa guda gida huɗu, a ba shi ɓari ɗaya kacal. Yana sauri, don ranar masu duba makarantu za su zo, sai ya bar yarinyar a gida, ya miƙa mata ƙullin da muryar aji: "Ɗaya bisa huɗu. Kin dai iya." Ta kwance takarda, ta ƙirga, huɗu cif. Ta ɗauki ɗaya sukutum, ta narkar a cokali, ta ɗura wa ƙaninta. Yaro ya yi barci. Azahar ta yi bai motsa ba, kafin magariba an dawo daga maƙabarta. Da uban ya tambaye ta, sai ta buɗe tafin hannu, ga ukun da suka rage. "Baba, ai na yi daidai ko?"

Bayan sadakar bakwai ya shiga aji ba bulala, lemo ɗaya a aljihu. Ya ciro shi, ya raba shi biyu, ya sake rabawa. Nan take kowa a ajin ya gane. Yarinyar tana bencin gaba. Ta daɗe tana kallon yanka huɗun nan, sannan ta kifa kai a kan tebur.

Ashe Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce, gani ya kori ji.