Matar da ke Ɗakin Hajiya Batulu

Wayarta ce ta mutu, shi ya sa Hajiya Batulu ta ɗaga murfin kwamfutar mijinta don ta kira ƙanwarta a Kano. Ba ta kai ga kiran ba. Wata manhajar gyaran bidiyo ta tarar a buɗe, irin ta kyauta ɗin nan mai manna tambarinta a gefen hoto. A ciki ga wata mace ta juya baya, ta taso daga kan dukhan, turaren nan na Sudan da mata ke zama a kan hayaƙinsa, tana shafa mai, ko ɗankwali babu a jikinta. An lulluɓe kanta da wani hazo, an kashe sauti. A ƙasa an rubuta da Larabci da Turanci cewa mai son ganin sauran ya yi rajista a wani shafi.

Hajiya ta rufe murfin kamar ta taɓa mushe. Har sai da ta je ta kuskure baki. Amma ido ya riga ya gani: labulenta ne, gadonta ne, tawul ɗinta ne a yashe a ƙasa. Ita kanta matar abin ƙyama ce, ƙugu duk tumbi, ga lalle baƙi har sawu, tana ta lanƙwasa ba kunyar Allah ba tsoron mutane.

Ba ta sha wahalar gano mai laifi ba. Mace ɗaya ce ke shiga wannan ɗaki ban da ita, wato Tagwa, Bahaushiyar Sudan da yaƙi ya koro Alƙahira tare da tsohuwarta. Daga unguwar Hayyin Ashir take zuwa Ma'adi, inda su Hajiya ke zaune, ta yi shara da wanki, ta yi wa Hajiya dilka da lalle, ta hura mata garwashin dukhan. Zanen da take yi wa Hajiya a ƙafa shi take yi wa kanta. Tsayinsu ɗaya, har tsofaffin rigunan Hajiya take sawa. Ga babbar shaida: Hajiya ta sha ganinta tana yanka bidiyon tallan lallenta a waya, da wannan tambarin a gefe.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne raini. Yarinyar ba ta tsaya ga gado da tawul ba, daga yadda hoton ya faɗo, a kan kantar da Alhaji ke sa wayarsa caji ta kafa tata. Ta kuma sa hannu a kwamfutar bawan Allah, mutumin da ko hoto zai tura sai ya ce a zo a nuna masa.

Hajiya ta yaye zanen gadon da yatsu biyu ta jefa a leda. Ta yanke hukunci tun kafin garwashin shayi ya huce. Korar aiki kaɗai ba ta isa ba, sai ta sanar da zauren matan Najeriya na WhatsApp, inda Tagwa ke samun duk masu kiranta lalle. Daga ranar babu gidan da zai sake buɗe mata ƙofa, ita da tsohuwarta su san inda za su nufa.

Alhaji Mainasara ya dawo daga filin jirgi bayan la'asar, inda ya tarbo marasa lafiyan da yake yi wa jagora zuwa asibitocin birnin. Ya saurari labarin a tsaye. Ya yi salati, ya share gumi, duk da sanyin da ake yi. Shawararsa mai sauƙi ce: a sallami yarinyar ba surutu, shi kuma yanzu zai kai kwamfutar a goge komai. Hajiya ta ji daɗin kishin addininsa, amma ta rungume kwamfutar. Sai ta kunyata ƙazamar ido da ido tukuna.

Tagwa ta shigo da kwandon guga, aka juya mata allon. Ta kalla, ta kau da kai, fuskarta ta yamutse kamar ta shaƙi wari.

"Ya Hajiya, wallahi ba ni ba ce. Ko lambar buɗe abin nan ban sani ba."

"To aljana ce ke min tsirara a ɗaki?"

Tagwa ta ajiye kwandon. Ta matso.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Hajiya. Na san manhajar. Hazon nan ɗora shi aka yi, ba a gama aikin ba, ana iya ɗage shi. In fuskata ce, ki kira min 'yan sanda."

"Khalas, ya isa," in ji Alhaji, ya miƙo hannu. "Ba a kallon haram a gidana. Batulu, ba ni abin nan."

Shekara da shekaru suna tare, Hajiya ba ta taɓa jin muryarsa ta sirance haka ba. Ta dube shi, ta dubi yarinyar. Sannan ta tura kwamfutar gaban Tagwa.

Tagwa ta danna wani ɗan hoton ido a gefen allon. Hazon ya ɓace. Matar da ke cikin allon ta gama shafa mai, ta juyo a hankali tana murmushi, hankalinta kwance, kamar kowace mace da ta san daga ita sai mijinta a ɗaki, Hajiya Batulu kuwa ta tsaya tana kallon fuskar kanta.