Lambobin da Suka Tsallaka Ƙasa

Wasiƙar ta shigo ranar Talata, Alhaji Abdulmuhaimin na cin ƙosai a ofishinsa na GRA. Sau ɗaya ya karanta ta, ya goge hannu, ya ce a kira masa Nu'uman.

Kamfaninsa ƙarami ne, yana sayar wa makarantu da shaguna intanet daga Ƙofar Ran har Tirwun. Hukumar da ke rabon adireshin intanet ta ba shi lambobin adireshi dubu huɗu, bisa sharaɗin abokan cinikinsa na nan ne za su yi amfani da su. Yanzu ta gano rabinsu na aiki a wata ƙasa mai nisa, an ba da hayarsu a ɓoye. A wasiƙar, kwana talatin ta ba shi ya yi bayani, ko ta karɓe duka. Ba lambobi, ba kamfani.

Nu'uman ne injiniya, shekara shida yana hawa eriya cikin rana. Da sunansa aka buɗe asusun kamfanin a hukumar. Ya duba takardun da suka zo tare da wasiƙar. Duk wani canji, ta asusunsa aka yi shi.

"Wallahi Alhaji, ban san da wannan ba."

"Na so in yarda da kai," in ji Abdulmuhaimin a hankali. "Wa ya san lambar sirrin bayan kai?"

"Sai wadda na rubuta aka ajiye a ofis."

Alhaji ya jawo durowa, ya nuna masa ambulan ɗin. A liƙe take.

Bayan azahar 'yan sanda suka fita da Nu'uman da ankwa, gaban ma'aikata. Alhaji ya tura wa hukumar rahoton 'yan sanda da takardar kora, ya yanke hayar nan take. Hukumar ta gamsu: ta yi gargaɗi, ta bar masa lambobinsa, ta rufe magana. Kotu ta tura Nu'uman gidan yari jiran shari'a.

Matarsa Ni'ima ta zo da goyo, ta durƙusa a bakin teburin Alhaji.

"Alhaji, ka dubi Allah, ka dubi yaranmu."

"Tashi, 'yata. Magana ta fi ƙarfina, amma gidanku ba zai kwana da yunwa ba. Ƙanin mijinki Sabitu ba kwamfuta ya karanta ba? Ya zo Litinin. Kujerar wansa tasa ce."

Ta fita tana kuka tana sa masa albarka. Kafin magariba labarin karamcinsa ya zaga unguwa.

Da ofis ya watse, Alhaji ya ɗauko ƙaramar wayar da ko iyalinsa ba su san da ita ba, ya rubuta wa mutanensa na ƙasar waje: "Ku yi haƙuri da tsaikon. Nan da wata uku lambobinku za su dawo. Na samu sabon sunan da za a sa a asusun."