Ɗaki na Shida a Gidan Tarihi

Da muka shiga ɗaki na shida a gidan tarihin, gwiwoyina sun fara kuka. Hutun makaranta ne, matata ta ce dole mu fita yara su san asalinsu. Ni kuwa hankalina na kan tsohon rediyona da ya ɓace wata guda ke nan.

"Baba, zo ka ga irin naka!" in ji autarmu.

Ba irinsa ba ne. Shi ne, cikin gilashi, har da robar da na ɗaure murfin batir da ita. A ƙasa an rubuta "Kyautar iyalan marigayi", sai sunana.

Na dubi matata.

Ta gyara mayafi. "Maigida, sun ce ba sa karɓar kayan mai rai."