Gahawar Wata

"Sati biyu ina zaga Iskandariyya kafin in gano mana shagon nan," in ji Tamir, yana ajiye zoben alkawari gaban Nirmin.

Ba ta amsa ba sai ga tsohon mai shagon ya dire musu gahawa, tun ba su ce a kawo ba.

"Taka ba sukari, ta Madam cokali uku, kamar kullum." Yana ganin fuskarta murmushinsa ya ɗauke.

Nirmin ba ta shan sukari. Ta kafe Tamir da ido, ya sunkuyar da kai.

"Sati biyu ko? Sannu da wahala, maƙaryaci!"

Ta jefa zoben cikin kofin, ta miƙe. "Kira ta ta zo ta sha, kada ta huce."